Ashe Malamin Malama Ce

Na san halinku, 'yan gardama. Da an tambaye ku wa ya fara saƙa ƙagaggen labari a kan tarihi, sai ku gyara zaman hula ku ce Walter Scott na Sikotilan, mai littafin Waverley na 1814. Sannunku da ƙoƙari. Amma ku koma ku zauna, ba a tashi aji ba.

Shekara 28 kafin Waverley, a 1786, wata mata a birnin Leipzig na Jamus, Benedikte Naubert, ta fitar da Walter von Montbarry, labarin zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. A 1788 ta ƙaro Thekla von Thurn da Hermann von Unna. Dabararta ita ce ta ƙago mutumin da babu shi a kowane kundi, ta tura shi gaba da soyayyarsa da wahalarsa, sarakunan gaske da yaƙoƙin gaske kuwa suna wucewa ta bayansa. Ba dabarar da kuke yi wa Scott kirari a kanta ba ke nan?

"Haba, ai da mun ji sunanta!" Ta yaya za ku ji, bayan ba ta sa shi a bangon littafi? Littattafai sama da 50 ta rubuta. Masana suna ta jinjina wa zurfin karatun "wannan malami", suna canke-canken wane namiji ne. Sai a 1817 aka tona ta, ba da son ranta ba, lokacin ganinta ya yi rauni. Ta rasu a 1819.

Ga wani can yana ɗaga yatsa, wai Scott bai san da ita ba. To, an mayar da Hermann von Unna cikin Turanci tun 1794, daidai lokacin da Scott ke saurayi yana fama da koyon Jamusanci. Kotun asirin da ke cikin littafin, mai alƙalai masu rufe fuska, ta sake ɓulla a Anne of Geierstein na Scott a 1829. E, na sani, marubucin Jamus Goethe ma ya taɓo kotun a wasan kwaikwayonsa Götz, kuma Scott ya fassara wasan a 1799. Ni ban ce sata ba, kada ku sa mini magana a baki.

Wanda bai gamsu ba ya kawo mini abin da Scott ya wallafa kafin 1786. Sai dai ku bi shi a hankali, lokacin yaron bai wuce shekara 15 ba.