Teku ya wuce ina minshari

Wata tara cur na yi ina riƙe da sarautar da ban gada ba. A majalisar da muke zama bayan la'asar a Zangon Salaga, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya, duk sa'ad da hira ta biyo ta kan jirgin ƙasa ni ake juyowa a duba. Sarkin Dogo suke ce mini, ni kuwa ina amsawa har da gyara zaman hula. Ba wanda ya yi mini gardama, don ba wanda ke da abin yin ta. Daga Salaga zuwa Yendi, daga Yendi har Bawku can kan iyakar Togo da Burkina, babu ko taku ɗaya na ƙarfen dogo. Yawancin abokan zamana a talabijin kaɗai suka san tarago. Ni kuwa sau uku na hau jirgin da ke tsakanin Ankara da Tema, Ankararmu ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba.

Ga yadda nakan tsara musu labarin. Ka tashi da safe ka yanki tikiti a tashar da ke kusa da kasuwar Kantamanto. Jirgi ya ja ka arewa zuwa Achimota kamar zai kai ka Kumasi, sai ya karya gabas, ya bi ta gefen filin jirgin sama, ya gangara Nungua. Daga nan, in ji ni, sai gidaje su janye, teku ya buɗe a hannunka na dama a Sakumono, igiyar ruwa na dukan duwatsu dab da dogo, masunta na jan koma, a hagu kuma tafki cike da fararen tsuntsaye. Ka sauka Tema ka ci soyayyen kifi da dokunu a bakin tashar masunta, da yamma ka dawo abinka. In na zo wurin igiyar ruwan nakan ɗan yi shiru in lumshe ido, kamar mai tuna wata masoyiya.

Gaskiyar magana ita ce ban taɓa ganin tekun nan ta tagar jirgi ba. Duk hawa ukun barci nake yi.

Ciwon ya daɗe tare da ni. A gado nakan yi juyi har tsakar dare ina lissafin bashi, amma da zarar abu mai taya ya motsa da ni, an gama. Ina yaro an taɓa sauke ni tare da buhunan doya a Tamale, sai da yaron mota ya ga ɗaya buhun na da ƙafafu. Na tsallake tafkin Volta a jirgin fito daga Makango zuwa Yeji ya fi sau ashirin, in ka tambaye ni kalar ruwan tsakiya sai dai in ƙirƙira maka. Na taɓa gyangyaɗi a bayan babur, mai babur ɗin ya tsaya ya ce in sauka, shi ba zai kai gawa gida ba. A sana'ata ta fataucin albasa wannan hali ni'ima ne, don wanda zai bi babbar mota daga Bawku ta Bolgatanga da Tamale da Kintampo da Techiman da Kumasi har Ankara, in ba ya barci haukacewa zai yi. Abokan tafiya na yi mini hassada. Uwargidana, mutuniyar Yendi, ita ba ta ga abin hassada ba. Ta ce ranar da aka ɗauko ta amarya, ita aka ce ta yi kuka a mota, amma kukan nata bai samu shiga ba saboda minsharin ango.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne asali. Kakan kakana falke ne, cikin ayarin da ke tasowa daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu da gabu, su yi watanni a hanya kafin su iso Gwanja su sayi goro a kasuwar Salaga. Madugu na shugabantar ayari, jagaba na duba hanya, in aka yada zango da dare ana karɓa-karɓar gadi saboda mahara da kura. Mutanen da suka rayu da rashin barci ke nan, har abin da suka zo saya ma maganin barci ne. Jininsu ne a jikina, ga shi tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ta fi ƙarfin idona. Da a ayarinsu nake, da tun a Borgu an bar wa kura ni.

Kada mutumin Kano ko Zariya ya yi mamakin yadda jirgin ƙasa ya zama abin alfahari a wurinmu. Ku jirgi ya iso muku tun 1911, kun gaji da shi har kun bar shi ya tsufa. Mu nan Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901 saboda zinariya, ya kai Kumasi a 1903. Na Ankara ya haɗu da Kumasi a 1923 saboda koko. A nan ƙarfen ya toge. A zamanin Gwamna Guggisberg an yi ta zancen a miƙa shi arewa, zancen ya mutu a takarda. Abin da Arewa ke aikawa kudu a lokacin leburori ne da shanu, su kuwa duka suna da ƙafa. Reshen Achimota zuwa Tema an yi shi a 1954 don jigilar kayan gina tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1962. Akwai dai layi guda da ya haɗa mu da Tema, wannan da masu taswira suka ja daga Greenwich ta Ingila ya raba duniya gabas da yamma. Ya ratsa Yendi, ya faɗa teku a Tema. Surukina na Yendi yana alfahari da shi ƙwarai, sai dai har yau ban ga wanda ya hau shi ya je ko'ina ba.

To a farkon 2019 aka maido da jirgin Tema bayan gyaran layi, ni kuma rani ya kai ni Ankara da albasa. Wani dillali ɗan unguwar Nima ne ya fara ba ni labarin Sakumono, kuma in faɗi gaskiya, kusan duk abin da na riƙa shimfiɗa wa majalisa daga bakinsa na kwasa, tsuntsayen ne kawai na ƙara musu yawa. Na sayar da kayana, na yi wanka, na sa sabuwar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. A tasha na tarar da abin da dillalin bai gaya mini ba. Jirgin na ma'aikata ne. A lokacin da safe yake kwaso su daga Tema zuwa Ankara, da yamma ya maida su gida. Wanda ke son yawon buɗe ido na wuni ɗaya a bakin ruwa, jirgin bai san da zamansa ba. Na jira har yamma, na samu kujera a hannun dama jikin taga, na yi bisimilla. Ina tuna jirgin na ratsa masu kasa kaya dab da dogo, suna ja da tirensu baya kaɗan ba tare da sun ɗaga kai ba. Ina tuna Achimota. Ina tuna yadda ƙafafun ƙarfen ke bugawa a mahaɗar dogo, bugu biyu-biyu, kamar uwa na jijjiga goyo. Abu na gaba da na sani, wani mai shara na taɓa kafaɗata da tsintsiya, tarago ba kowa, fitilun Tema na ci.

Na lallashi kaina cewa ko da idona biyu, duhu ya riga ya yi. A Gana rana ba ta wuce ƙarfe shida da 'yan mintoci. Da na koma gida aka ce, "Alhaji, yaya teku?" Nan ne ya kamata in ce Allah bai nufa ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ai gani ya kori ji." Daga wannan jimla sarautar ta fara.

Hawa na biyu na yi masa shiri irin na masu hankali. Na lissafa cewa in daga Tema aka taso da safe, teku na zuwa ne a farkon tafiya, kafin barci ya ɗaura ɗamara. Na je na kwana wurin ƙanena a Ashaiman. Tsoron kada in makara ya hana ni runtsawa, na kwana ina duba agogon waya. Da asuba ya kai ni tasha, ya ce, "Yaya, hannun hagu za ka zauna yau, kada ka manta." Ban manta ba. Na zauna a hagu, na jingina goshi da gilashi don in fi gani da kyau. Jirgin bai ma tashi ba na tafi. Na farka a Ankara da shatin ƙarfen taga a goshina, wata mata mai kwandon burodi na yi mini magana da yaren Ga tana dariya, ban ji ko kalma ba amma na fahimci duka.

Saura ƙiris asirina ya tonu tun a lokacin. Akwai wani tsohon direban tanka a majalisarmu da ya yi shekaru yana ɗauko mai daga Tema. Ran nan ina cikin zuba, ya ce, "Sarki, wai da safe ka ce ka tashi daga Ankara? Ni a sanina jirgin nan da safe shigowa yake yi." Na yi tari, na ce ai tun barinsa aiki abubuwa sun canza. Ya dube ni ya ɓantari goro bai ƙara cewa komai ba. Na fi wata ina kauce wa idonsa, har gaisuwa nake riga shi don kada ya samu zarafin tambaya.

A hutun Disamba 'yata ta fari, da ke makarantar sakandare a Tamale, ta ce lallai sai na kai ta ta ga wannan wuri da nake ta yabo. Ba yadda zan yi in ƙi. Wannan karon na tafi da makamai. Na yi barcin rana a Ashaiman, na kwanta da wuri, da asuba na sha shayi mai kauri kofi biyu, na cusa goro fari ƙwarya uku a aljihu, wanda kakannina suka taka daga Kano dominsa. Na kuma yanke shawarar ba zan zauna ba sam. Na bar mata kujerar taga, na tsaya na kama ƙarfen sama, ina tauna goro kamar raƙumi. Jirgi ya motsa. Na ga kwantenoni jibge kan juna, na ga katangar wata masana'anta, na ji iska ta canza ta ɗauko ƙarnin kifi da gishiri. Na ce a raina, yau dai ga ni ga shi. Sai wani saurayi mai tarbiyya, Allah ya saka masa ko da yake ya cuce ni, ya miƙe ya ce, "Baba, zauna." Na ce a'a. Ya nace. Mutane suka zuba mini ido kamar ina wulaƙanta yaron. Na ce to bari in ɗan ɗosana, minti ɗaya.

A Achimota ta tashe ni. "Baba, mun kusa." Na goge baki na ce, "Kin ga abin da nake gaya muku ko?" Ta ce, "Na gani, Baba. Na ma ɗauka." Yadda ta sunkuyar da kai tana danne dariya ya kamata ya faɗakar da ni, amma na ɗauka kunya ce irin ta 'ya'yan fari.

Ta tura wa uwarta, uwarta ta tura wa 'yan'uwanta na Yendi a WhatsApp, daga Yendi abin ya tsallaka Bawku wurin abokan cinikina, kafin in iso Salaga ya riga ni da kwana biyu. Na tarar da majalisa cike fiye da kullum, har da waɗanda ba sa zama da mu. Ba wanda ya ce uffan sai da na zauna. Sannan direban tankan ya zaro waya, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai miƙa tukuici, ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mana ko nan ne Sakumono."

Ba su tuɓe ni ba, wannan ne muguntar. Har yau Sarkin Dogo nake, an dai ƙara mini kirarin da ba zan rubuta a nan ba. Da aka ƙaddamar da sabon layin Tema zuwa Mpakadan mai kilomita 97 a ƙarshen 2024, aka kuma ce shirin shi ne wata rana ya biyo ta Bimbilla da Yendi da Tamale ya nufi Burkina, kawuna ya ce in Allah ya nuna mana ranar za su yi karo-karo su yankar mini tikitin farko, su haɗa da matashin kai.

Bidiyon yana nan a wayata, daƙiƙa 40 ne. Wani lokaci da dare, in lissafin bashi ya hana ni barci, nakan kunna shi in rage sauti saboda uwargida. Ga ni nan a gaba, hula ta karkace, baki buɗe, jan goro a leɓe. In na sa babban yatsa na rufe fuskata, ta bayan kunnena ana ganin ruwa ya miƙe har ƙarshen sama, fari-fari yana fashewa a kan baƙaƙen duwatsu, da kwale-kwale biyu masu tutoci can nesa. Dillalin nan na Nima bai yi ƙarya ba. Tsuntsayen kuwa suna ɗaya gefen, yarinyar ba ta juya wayar ba.