Makullin da Ba Ya Son Ruwa

Wanda ya ƙirƙiro makullin mota mai rimot bai taɓa zuwa su ba. Da ya taɓa tsayawa cikin tafki ruwa iya ƙugu, da fatsa a hannu ɗaya da gwangwanin tana a ɗayan, da ya tambayi kansa inda mutum zai ajiye wannan abu kafin ya sake shi a duniya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da Fijo 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Makullinta ƙarfe ne zalla. Ya taɓa faɗawa rijiyar gidanmu a Gwiwa, aka zura ƙugiya aka ciro shi, aka goge da gefen riga, aka tayar da mota aka tafi kasuwa. Ni kuwa da Allah ya hore mini 'yar Kwatano, irin wadda ake tayarwa da maɓalli, dillalin da ya sayar mini a Kano ya miƙo mini wani ɗan baƙin abu ya ce, "Alhaji, guda ɗaya ne ta zo da shi. Ka kiyaye shi da ruwa, ka kiyaye shi da yara. In ya lalace, kuɗin yanko wani ya isa ragon layya." Ban je Makka ba, amma duk wanda ya sayi mota a Kano Alhaji ne har ya fita daga garejin.

Da kaka na zo gida hutu. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, tafkunan da damina ta cika sun fara ja da baya, kifi ya taru wuri guda. Ƙanina ya ce akwai wani tafki bayan gari da ake kama tarwaɗa kamar a bakin dam ɗin Kazaure. Na ce mu je da mota, don mutanen ƙauye su san cewa karatun boko bai tafi a banza ba.

Muka isa da hantsi, na faka a gindin wata tsamiya. Masunta suna ciki, wasu da birgi, wasu da homa, wani dattijo kwance a kan gora yana shawagi abinsa. Na naɗe ƙafar wando, na jefa waya da walat cikin mota, sai ga ni da makulli a hannu.

Dabarar farko mai sauƙi ce: a bar shi a ciki a rufe. Na ajiye shi ƙarƙashin kujera, na rufe ƙofa, na taɓa hannun ƙofar don ta kulle. Motar ta yi wani dogon tsaki ta ƙi. Na sake, ta sake. Ashe an koya mata kada ta kulle makullinta a ciki, kuma ta fi wasu ɗalibaina riƙe darasi.

Na ɗauko shi na kulle motar, na duba gabas na duba yamma, na durƙusa kamar mai duba iska, na ɗora shi a kan tayar baya. Ina miƙewa ƙanina ya kama hannun ƙofa, ƙofa ta buɗe.

"Yaya, ai ba ka kulle ba."

"Na kulle."

"To ga ta a buɗe."

Muka yi ta wannan muhawara har muka gane cewa muddin makullin yana kusa da jikinta, motar ba ta tambayar hannun wane ne ya taɓa ta. Da ɓarawo da mai ita duk ɗaya ne a wurinta. Ina cikin wannan tunani sai na ji dariya daga sama. Yara ne cike da reshen tsamiya, sun ga inda na ɓoye tun daga farko, ɗaya har yana nuna wa 'yan'uwansa da tsinke.

Na zaɓi wanda ya fi kama da mai hankali a cikinsu, na ba shi makullin da alkawarin naira ɗari biyu, na ce ya zauna can nesa ya riƙe mini amana. Na shiga ruwa, na sa koto, na jefa fatsa. Ko zama tanar ba ta gama yi ba sai ƙahon mota ya ɓarke, fitilu suna ƙiftawa, tsuntsaye suka tashi daga kan bado, shanun wani Bafulatani da suka zo shan ruwa suka juya da gudu shi kuma yana bin su yana faɗin abin da ba zan rubuta ba. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka suna da wani jan maɓalli a jikin rimot na neman agaji. Yaron ya ga ja, ya ga ba a hana shi ba.

Dattijon nan ya tuƙo gorarsa har gabana. "Ɗana," ya ce, "kifi ka zo kamawa ko biki ka zo yi? Tun asuba muke lallaɓa su."

"Ka yi haƙuri, Baba. Makullin ne ba ya son ruwa."

"To me ya kawo shi bakin ruwa?"

Ban da amsa. Na karɓe abina, na samo ledar burodi, na saka shi, na ƙulle bakin ƙulli biyu. Sai tambayar ina za a sa ledar. Aljihun wando yana cikin ruwa. Aljihun riga, in ka sunkuya ya zubar. Na yi lissafi irin na masu ilimi: a jikin mutum babu inda ya fi nisa da ruwa kamar tsakar ka, kuma kakanninmu a hula suke ajiye kuɗi da goro da allura. Na cusa ledar cikin hula, na kafa ta sosai har ta taɓa gira. Har gobe ina nan a kan cewa lissafin nan daidai ne. Tarwaɗa ce ba a sa da ita a ciki ba.

Wajen azahar igiya ta yi wani irin ja da ya kusa zare mini kafaɗa. Ƙanina ya fara ihu, "Yaya, ja! Yaya, sassauta! Yaya, ja!" Na ga bayan tarwaɗar sau ɗaya, baƙi wuluk, da gashin baki kamar na tsohon ɗan sanda. A raina har na fara raba ta: kai na Inna, tsakiya na uwargida, wutsiya ta ƙanina. Na ja da baya taku ɗaya don in kafa ƙafa, ƙafar ta sami taɓo mai santsi, sai ga ni zaune a ƙasan tafki, ruwa ya rufe ni ruf. Da na taso ina tari, babu kifi, babu fatsa, babu hula.

Hular tana can tana tafiya a hankali, iska na kaɗa ta zuwa tsakiya. Na yi kururuwa, "Mota! Motata ce ke tafiya!" Masunta suka dubi motar a gindin tsamiya, suka dube ni, wani ya ce a fito da shi rana ta taɓa shi. Sai da ƙanina ya yi bayani sannan aka bazama. Na ga hotunan bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, amma ban ga an yi wa giwan ruwa rubdugun da aka yi wa hulata ba. Baba ne ya kamfato ta da homa, ya ɗaga ta sama ruwa na zuba. Babu komai a ciki.

Aka shiga lalube. Aka ciro takalmin roba, aka ciro tsohuwar tukunya, wani ya taɓa minjirya ya fito da gudu yana salati. La'asar sakaliya wani saurayi ya jefa birgi ya jawo ƙananan karfasa da leda a tsakiyarsu. Ƙullina biyu suna nan daram, babu wanda ya kwance. Ta gindi ledar ta huje.

Nan fa kowa ya zama injiniya. Aka yi layi ana karɓa ana dannawa, wai ko hannun wani ya fi sa'a. Wani ya hura masa iska da baki. Wani ya ce a binne shi cikin yashi mai zafi. Mai bandar kifi ya ce a ɗora a kan wayar bandarsa minti kaɗan, ya rantse haka ya gyara rediyonsa. Motar dai ko ƙiftawa ba ta yi ba, ga wayata a ciki ina hango ta tana haske, uwargida ce ke kira. Bayan magariba aka yanke shawara ƙanina ya kwana gadin mota, ni kuma na hau amalanken wani mai ɗaukar kara. Haka na shiga Gwiwa, ba hula, ba kifi, ina bayan shanu, ta gaban majalisar da na wuce da safe ina ɗaga musu hannu ta taga.

A gida wani ɗan makwabta mai gyaran waya ya ce shinkafa ɗanya tana tsotse ruwa. Na sami kwano a ɗakin Inna cike da 'yar Hadeja, na tura makullin can ƙasa, na kwanta. Da safe na fito na tarar da Inna a tsakar gida tana rege shinkafa a ƙwarya.

"Kai, wannan wane irin dutse ne mai maɓalli?" Ta tsamo shi ta ɗauraye shi tas da ruwa mai kyau, ta miƙo mini. "Masu shinkafar yanzu ba sa tsoron Allah."

Sai da aka ɗauko wani mai gyaran wutar mota daga Kazaure a kan babur. Yaro ne, na girme shi da aƙalla shekara ashirin. Ya karɓi makullin, ya zame wani ɗan sakata a bayansa da farce, ya zaro siririn makullin ƙarfe daga cikinsa, ya buɗe ƙofa. Ya zauna, ya taka birki, ya manna mataccen rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ya danna. Mota ta tashi.

Ƙanina, wanda sauro ya yi wa fuska kaca-kaca, ya dube ni bai ce komai ba.

Yaron ya ce akwai wani ɗan ƙaramin abu a cikin rimot da ba ya buƙatar batir, daga jikin motar yake samun wuta in an kusanto da shi, don haka ko a daren jiya da mun tafi gida. Ya ɓare rimot ɗin, ya cire batirin, wani fai-fai mai lamba CR2032, ya wanke cikin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a inuwa. "Oga, in ya jiƙe, batir ake fara cirewa. Abin da ke ƙona shi shi ne a yi ta dannawa da ruwa a ciki. An danna?"

Na ce kaɗan.

Da aka sa sabon batir maɓallin buɗewa ya dawo, na kullewa ya dawo, jan nan na neman agaji ne kawai ya mutu, kuma ban nemi a gyara shi ba. Kuɗin aikinsa da na mai da na babur sun isa su sayi tarwaɗa kwando guda a kasuwar Kazaure. Baba, da ya zo kallo, ya zaro wata robar man shafawa mai murfin murɗawa daga wuyansa, ɗaure da igiya, ya buɗe ya nuna mini wayarsa da kuɗinsa da ashana a ciki, a bushe ƙayau. Na ce me ya sa bai faɗa mini jiya ba. Ya ce ban tambaya ba, kuma ya ga ni ɗan boko ne.

Jama'ar Gwiwa da kewaye, tarwaɗar nan tana cikin tafkin da fatsa a leɓenta. Duk wanda ya kama ta, kifin nasa ne halak malak, amma fatsar tawa ce, a aiko mini.