Yadda Ake Zama Madugun Ayarin da Ba Ya Tafiya

Daren Asabar ɗin da ta wuce na yi awa uku ina roƙon manyan mutane huɗu, biyu daga cikinsu magidanta, su fito daga wata kasuwa da babu ita a duniya. Ni na ƙirƙiro kasuwar da bakina don su sayi igiyar guga su wuce. Har aka tashi ba a sayi igiyar ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta wa 'yan uwana madugai 'yan shawarwari tun hawan jini bai riga ni ba.

Ba zan tsaya koyar da wasan ba, wanda ya sha wahalarsa ya san shi. Tatsuniya ce dai wadda masu sauraro ke da bakin magana a ciki. Wasu Turawan Amurka biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da irinsa a 1974 da sunan Dungeons & Dragons, da dodanni da ƙwaya mai fuska 20. Mu da muka fara namu a 2021, muna ɗalibai a wani ɗakin haya a Umdurman, ƙwayar lido ce da mu da fitilar waya, don daren da aka ɗauke wuta ne ya haife shi. Dodanni kuma na ce a bar wa Bature kayansa. Na shirya ayarin alhazai da zai tashi daga Kano a ƙasa a 1904, shekara guda bayan yaƙin Burmi, ya bi ta Barno da Wadai da Fashir da Ubayyid, ya sauka Umdurman, ya nufi Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Hanyar da kakannin maƙwabtanmu Hausawan Sudan suka biyo ke nan. Ni ne madugu uban tafiya. Yau shekara nawa, ayarin yana Abeshe ta ƙasar Wadai.

Shawara ta farko: kada ka kuskura ka tambayi mutum me yake so ya zama. Raba musu kawai kamar rabon zakka. Ni da na tambaya, cikin mutum biyar uku suka ce 'ya'yan sarki ne da suka ɓad da kama, ɗaya ya ce shi waliyyi ne, na ƙarshe ya ce shi ma ɗan sarki ne amma na ainihi. Babu mai jan jaki, babu mai girki, babu wanda ya iya ɗaure mangala. Zangon farko aka kwana da yunwa kowa na jiran fadawansa.

Ta biyu ta shafi mai gyara tarihi, kuma a nan sai ku yi haƙuri da ni, don shi ne ciwon. Kowane tebur yana da nasa. Namu tarihi yake karantawa, ya kuma ɗauka Allah ya aiko shi duniya ne don ya gyara ni. Na ce kun hango sojan Faransa a ƙofar Abeshe, ya ɗaga yatsa: “Madugu, Allah ya ba ka nasara, Faransa ba ta ci Abeshe ba sai 1909.” Na ce to ba soja ba ne, wani mutum ne da jar hula. Ya ce wace irin ja. Na ce kun ji labarin wani sarki a Fashir, ya ce sai dai a ce Sultan Ali Dinar, ya ƙara da cewa zai yi mulki har 1916, wato ya gaya wa matafiyan 1904 abin da bai faru ba tukuna. Wani daga cikin 'ya'yan sarkin ya gaji da tafiyar ƙasa ya ce zai hau jirgin ƙasa a Ubayyid. A karon farko na ji daɗin malamin da ya ce dogo bai iso can ba a lokacin, har na fara sa masa albarka, sai ya zarce da tarihin dogo tun daga Wadi Halfa. Abin haushin, duk gaskiya yake faɗa. Da ƙarya yake da na san yadda zan yi da shi. Ranar wata Juma'a mun je kallon zikirin Ƙadirawa a Hamad al-Nil, ana ta bugun tambura ƙura na tashi, ya matso kunnena yana gyara mini wata magana da na yi kwana shida da suka wuce a kan yaƙin Karari, cewa 1898 ne. Na ce na sani. Ya ce ai yadda na faɗe shi ne kamar ban sani ba.

Maganinsa, in ji masu ba da shawara, ka ba shi muƙami. Na naɗa shi jagaba, mai nuna hanya. Tun daga ranar ayarin bai ƙara taku ɗaya ba sai an tabbatar da sunan rijiya.

Ta uku: Ustaz. Ya zo wasa huɗu yana jefa ƙwaya lafiya lau. A na biyar jakinsa ya faɗa rami, nan take ya tuna cewa malamai sun yi magana a kan nardu, wato wasan jefa ƙwaya. Ban yi musu ba, na girmama maganar. Na yayyaga takarda shida, na rubuta ɗaya zuwa shida, na zuba a hula, aka koma ƙuri'a. Ya sa hannu ya zaro ɗaya. Ya sake, ya zaro ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce ai mas'alar akwai saɓani.

Sai sarkin yaƙi. Ka ce ga wata tsohuwa tana sayar da nono, ya ce zai zare takobi. Ka ce ga yaro makiyayi, takobi. Ka ce ga rijiya, ya ce wa ke ciki. Na yi kwana uku ina shirya wani tsohon bafatake da zai ba su labarin hanya da sirrin ƙetare hamada, har murya na koya masa a banɗaki. Bai gama sallama ba aka soke shi. Shawarata a nan ita ce... ban da ita. Wanda ya samu ya aiko mini.

Ta biyar ce ko ta shida, abinci. Kada a kawo agashe kan tebur. Na san da wuya, don duk Bahaushen da ya zauna Hartum yana da ɗan alfahari da shi: tsirenmu ne da ƙuli da yaji, Sudanawa suka karɓe shi har da sunan, suna cewa “agashe” ba tare da sun san umurni suke bayarwa ba. Amma taswirar da na zana da hannuna, tun daga Tafkin Chadi har mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, mai ya ratsa ta har tsibirin Tuti ya zama tabon kitse. Wani ya goge yatsa da Kordofan gaba ɗaya. Ga mai shayin bakin layinmu, baiwar Allah, da kofin farko ya ƙare sai wani ya ce a tsaya ya karɓo gahawar jabana da citta, ya tafi da rabin ayarin, su dawo bayan minti arba'in sun manta ko a wace ƙasa muke.

Na kusa mantawa da abokinmu Basudane, mutumin kirki, wanda kakansa ɗan Mai Wurno ne, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar. Ba ya zuwa sai an yi nisa, kuma ba ya zama sai ya gaisa da kowa, dukan kafaɗa, musafaha, ya gida, ya iyali, ya na Najeriya, a sake daga farko. To haka yake yi a cikin wasan ma. 'Yan fashi sun tare hanya, kowa ya ja kwari, shi sai ya ce: “Ya zol, a bari mu gaisa tukuna.” Ya tambayi shugaban 'yan fashi lafiyar mahaifiyarsa. Dole na ƙirƙiro wa ɗan fashi uwa, da ciwon ƙafa, da ƙanwa da za a aurar. Daren nan ayarina ya halarci biki.

Mai danna waya ba zan ɓata tawada a kansa ba, ba zai karanta ba.

Yanzu ban da raha. Kun san abin da ke cikin shirya dare ɗaya? Ina hana idona barci, ina tsara gari da sarkinsa da farashin gero, in zo in zauna ina muryar tsohuwa a gaban ƙartai, babu ko sisi, babu sannu. Wanda ya makara ya ce an fara ba shi, wanda ya zo da wuri ya ce an daɗe. Sau uku ina ajiye muƙamin, sau uku ana zuwa da shayi a ba ni haƙuri, in koma kamar wanda aka yi wa asiri.

Abin da ya tashi teburin a ƙarshe ba ni ba ne. Ranar 15 ga Afrilun 2023, Asabar ce cikin azumi, ranar wasanmu, aka wayi gari da ƙarar bindiga a Hartum. Littafin ayarin da taswirar mai tabon kitse suna can inda na bar su a ƙarƙashin gadon angarib. Muka fito a bas, muka yi kwanaki a bakin iyakar Masar muna kirga ruwan gora. Sarkin yaƙi bai ce uffan ba duk tafiyar, shi ya riƙa ɗaukar jakar wata dattijuwa. Mai gyara tarihi kuwa, a tsakiyar hamada, leɓe a bushe, ya dube ni ya ce na ga ko, da ma ya faɗa mini lissafin ruwan da nake yi wa ayari ba daidai ba ne.

Huɗu daga cikinsu sun same ni a Kano, Basudanen yana shigowa ta WhatsApp in ya samu intanet, ya gaisa da kowa, layin ya yanke. Da babu littafi, na ce a sake sabon labari. Suka ce atafau, suna Abeshe, kuma ba su gama ciniki ba. Su waɗancan alhazan na gaske, wasunsu sun tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri har jikokinsu suka girma a can, to nawa ko Darfur ba su gani ba.

Asabar mai zuwa bayan isha'i ne, a zauren gidanmu. Don girman Allah, wani ya sayi igiyar nan.