Rabon Kwaɗo a Ƙofar Durɓi

Mu nan Ƙofar Durɓi, in ana hirar so, bakinmu ɗaya: matar mutum kabarinsa. Sai dai ka duba mai faɗa. Ba ka jin ta a bakin wanda aka sa wa rana. Wanda aka kasa, shi ke zama kan bencin mai shayi yana juya cokali, yana yi mana wa'azin ƙaddara.

Ɗan wana ne limamin wannan darasi yanzu. Shekara biyu yana sintiri Ƙofar Marusa. La'asar sakaliya zai wanke babur har wayoyin taya, ya sa a buga wa shaddarsa guga, ya fesa turaren da ko akuyar unguwa sai ta yi atishawa. Ƙannen yarinya kowa da alawarsa, kakarta da goronta, ita kuma kati ba ya yankewa. Lokacin ba mu ji ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama ba. Da wani ɗan kasuwa ya riga shi turo magabata, sai ga shi da carbi, wai zafin nema ba ya kawo samu.

Baba mai goro ya dube shi ya ce, “Yaro, wane zafin nema? Shekara biyu kana zance, ko sau ɗaya ka tura kawunka gaisuwar iyaye? Babur ka wahalar.”

Daga nan Baba ya ɗauko tarihi, don ba ya hira sai da shi. Ya ce mu tuna sunan wa ƙofar nan ta ci: Durɓawa, masu kusheyi can ƙasar Mani. Sarkinsu na ƙarshe, Sanau, ba a kada shi a kokawa. Korau da ya zo daga 'Yandoto bai naɗe hannu yana jiran rabo ba. Masu ba da labari sun ce ta wajen matar Sanau ya bi, ta raba mijin da asirinsa, sannan aka shiga fage.

Wani ya ce, “To Baba, ai wannan cin amana ne.”

“Ni na ce ku kwaikwaya? Cewa na yi ya san ƙofar shiga.”

Mata kuwa, a cikin gida, ba su da lokacin wannan gardama. Uwar yarinya za ta ce maka komai nufin Allah ne, alhali tun 'yar tana aji uku take zubin adashi, ga kwanuka jere ƙarƙashin gado, ta kuma aika an binciko asalin yaro har kakan kakansa. Istihara ma sai an gama binciken ake yi.

Jiya da magariba na ga ɗan wan nawa yana wanke babur. Na ce ina aka nufa, malam mai tawakkali? Ya ce Ƙofar Sauri, kuma don Allah in shaida wa kawu ya wanke babbar rigarsa kafin Juma'a.