Kariya da Miyar Kukar da Ba a Kaɗa Ba

Kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, ƙaramar itaciya ce mai kumburarren gindi da ke fitowa a busassun wurare masu duwatsu, tun daga Senegal har zuwa kudancin ƙasar Larabawa. Bayaninta na farko a littattafan Turai ya fito ne a 1775 cikin aikin Peter Forsskål, shekara 12 bayan rasuwarsa a Yaman, sannan a 1819 aka raɗa mata sunan da take amsawa yau, wanda kalmarsa ta farko daga garin Adan aka ciro ta, ta biyun kuwa ma'anarta da Latinanci "mai ƙiba". Wannan ƙiba rumbu ce da itaciyar ke tara ruwan damina a ciki domin cin rani, kuma ita ce ke sa a riƙa ɗaukarta jaririyar kuka, har masu jin Faransanci a Afirka ta Yamma suna ce mata kukar dila.

Daga cikin waɗanda wannan kama ta yaudara akwai mai wannan rubutu, wanda ya sayi guda biyu a wurin wani mai sayar da furanni a bakin titi, bisa tabbacin cewa sabon irin kuka ne da ba ya wuce ƙugun mutum, ya kuma sanar da iyalinsa cewa sayen garin kuka a gidan ya ƙare. Ta farkon ya kafa ta a tsakar gida cikin tukunyar da ba ta da huji, yana yi mata ban ruwa safe da yamma. Da hunturu ya kama ta zubar da ganye, abin da kariya ke yi kowace shekara da gangan don rage asarar ruwa, sai ya fassara hakan da ƙishirwa, ya ninka ruwan, ya ƙara da kashin awaki, ganyen da ya zuba kuma ya tsince ya shanya a faranti. Cikin makonni kaɗan gindin ya yi luɓus kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ranar da ya latsa shi don gwaji yatsansa ya nutse har gaɓa ta biyu.

Ta biyun, wadda aka manta da ita a bayan kicin cikin fasasshen bokiti mai yashi, ba ta ga ɗigon ruwa ba, kuma ita ce ta wayi gari a tsakiyar rani babu ganye ko ɗaya, kawunan rassanta cike da furanni ja-ja masu kamar bakin algaita, kowane da leɓe biyar da farin maƙogwaro. Tun da furen kuka fari ne, yana reto ƙasa kuma da dare yake buɗewa, wannan hujja ta isa ta rushe da'awar, amma mai rubutun ya zaɓi ya ɗauke ta a matsayin shaidar cewa irin na waje ne.

Gwaggon matarsa ce, da ta zo daga ƙauye, ta warware mas'alar kafin ta gama cire takalmi. "Malam, wa ya sa ka shuka kariya a gida?" in ji ta, da ta ga farantin ganyen kuwa sai ta yi salati ta tambayi adadin mutanen da ake nufin binnewa. Tsoron nata yana da tushe, domin ruwan jikin kariya na ɗauke da dafi mai tsayar da bugun zuciya, wanda maharba a sassan Afirka suka daɗe suna shafawa a kibiya.

An binne ganyen a ranar tare da farantin. Kariyar tana nan a bayan kicin tana fure kowane rani, kuma bisa hukuncin da uwargida ta zartar, an hana maigidan kusantar wurin matuƙar akwai buta a hannunsa.