Zuwa ga Ardon da ya biya kuɗi ya kwana a ƙasa

Ardo, bawana. Tun kafin ka sauke jaka labarinka ya hauro mana Kwaja, har da hotuna. An ce da kuka gama taron da ya kai ka Sifaniya, sai ka yi hayar mota mai gado a ciki, ka ɗaura tanti a bayanta, ka bi gaɓar teku har San Sebastiyan, garin Baskawa, wai ka tafi hutu. Na tambaya ko masauki ne ya ƙare a garin, aka ce a'a, da gangan ka yi. Kai da ko goro ba ka saye sai an ba ka, ka ciro yuro ka biya don a bar ka ka kwana a ƙasa.

Kwanan bai ba ni mamaki ba. Bafulatani ko gidan sama aka ba shi, in dare ya yi sai ya leƙa taga yana neman inda zai kafa bukka. Biyan kuɗin ne ya tsaya mini a rai. Kakanninka sun taso tun daga Futa Toro suna ya da zango har bakin Binuwai, ba wanda ya karɓi kuɗin makwanci a hannunsu, jangalin ma sai an bi su daji. Kai kuwa ka je inda doka ta hana kafa tanti a ko'ina, aka nuna maka ɗan fili mai lamba a kan dutsen Igeldo, aka ce kada igiyarka ta shiga wurin maƙwabci, ka ce to. Yaushe ka koyi wannan ladabin? Ko sai a ƙasar Turawa kake gane iyakar gona?

Da ka shawarci ubangidanka, da na faɗa maka garin nan yana cikin waɗanda suka fi shan ruwan sama a Sifaniya, wajen milimita 1,500 a shekara, kuma ba su san rani irin namu ba. Shi ya sa a hotunan kana naɗe cikin leda kamar kifin Baga da za a kai Onica. A bakin tekun La Konca kuma, inda jama'a ke tuɓewa su shanya jiki a rana, ga ka tsaye da riga da hula, idonka a ƙasa, fulaku ya hana ka ɗaga kai. Abincinsu 'yan ƙananan loma ne da ake jerawa a kan kanta, da yawansu da naman alade, sai ka ƙare a burodi da sadin. An ce har kindirmo ka tambaya.

Babban laifinka shi ne ka je har can ba ka gaida danginka ba. Kudu da garin akwai duwatsun Aralar, inda makiyayan Baskawa ke haurawa da tumaki in sanyi ya wuce, su zauna a 'yan ɗakunan dutse suna tatsa, suna yin cukun da ake kira Idiyazabal, su gangaro in sanyi ya dawo. Tun ƙarni na 19 wasunsu suka ƙetare zuwa Amurka, suna kiwon tumakin mutane a Idaho da Nebada, suna kwana cikin keken doki mai rumfa. Ka ga motar nan mai gado da kake taƙama da ita, makiyaya sun riga ka. Harshensu ma masana ba su samo masa dangi ba, ga su da riƙon nasu. Na rantse da an bincika za a samu wani Jauro a kakanninsu.

Mu dai Barebari ba ruwanmu da tanti. Lokacin da Mai Idris Alauma ke aika jakadu Istanbul, muna da ginin jan bulo a Ngazargamu. Kada ka kawo mini zancen yadda danginka suka ci garin a 1808, wannan ranar ba mu shirya ba ne.

To me ka je nema da babu a nan? In dutse ne, Kwaja a kan duwatsun Mandara take, kuma sanyin hunturunmu zai sa ka nemi bargo na biyu. In iyaka ce, San Sebastiyan wajen kilomita 20 take da Faransa, kuma iyakar ta raba Baskawa gida biyu. Mu Kamaru tana bayan gida, dangi na can, dangi na nan, tun da Ingila da Faransa suka raba abin da suka ƙwace wa Jamus, har ƙuri'ar 1961 ta kawo mu Najeriya. Arewa da mu ga Sukur a Madagali, da hanyoyinta na shimfiɗaɗɗen dutse da gonakin matakala da fadar sarkinsu Hidi, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ka taɓa takawa? Ga Rumsiki a tsallake, inda Turawan da ka je kwaikwayo suka saba zuwa kallon tsaunuka. Teku ce kawai ba mu da ita. Sai kogin Yedzaram, shi ma daga Mubi Borno yake nufa, don ya san inda iyayen gidansa suke.

Amma bari in rage maka zafi, kada ka je ka yi kuka a ruga. Na san abin da kuɗinka ya saya: titi mai kyau, famfo, makewayi mai tsabta, da barci ba fargaba. Baskawa ma sun sha tashin hankali shekara da shekaru kafin ƙungiyar ETA ta daina kai hari a 2011. Mu nan kwanan waje yana tuna wa mutane watan Oktoban 2014, da Boko Haram ta shiga Mubi, tsofaffi da masu goyo suka bi duwatsun nan da ƙafa zuwa Kamaru, ba tanti, ba guzuri. An dawo, kasuwar shanu ta ci gaba da cika tireloli zuwa kudu, amma baƙon da zai zo don kallo kawai har yanzu ƙalilan ne. Hawan Kwaja da damina kuwa, motarka mai gado sai an tura ta.

Tunda yanzu ka zama ɗan boko mai zama da manya a Yola, ka ajiye hotunan teku ka yi musu maganar hanyarmu. In an yanke gero ka hauro da kanka su ga ba a cinye ka ba. Fili kyauta ne a bayan gidana. Ka taho da ƙwaryar man shanu da bijimi ɗaya, don bawa ba ya gaida ubangidansa hannu rabbana.