Yadda Za Ka Zama Kuku Ba Tare da Ka Ƙona Gidanku Ba

Kai ƙanena da ke zaune a majalisar Ƙofar Kwaya kana kallon masu doguwar farar hula a TikTok, ajiye wayar nan tukuna. Hular ce abu na ƙarshe da za ka saya. Fara da kwandon albasa, ka yi ta yanka har ranar da ita ce za ta ji tsoronka.

Daga nan sai sanar da gida. Baba zai cire tabarau ya ce, "Girki kuma? Ba aikin mata ba ne?" Durƙusa da ladabi ka tambaye shi wa ke gasa balangun da yake aikenka saye bayan isha'i. Ai har sarauta mahauta ke da ita, Sarkin Fawa.

Makarantarka ta farko madafin Goggo ne, kuma ka riƙe ta da daraja, domin ilimin da ke hannunta babu shi a littafi. A nan za ka san talge da tuƙi, ka san cewa gudaji ɗaya a tuwon shinkafa abin kunya ne har ga dangi. Matsalar ɗaya ce: ko me ka tambaye ta, daddawa ko kanwa, amsarta "ɗan kaɗan". To ka shiga da sikeli da littafin rubutu, ka tare hannunta kafin ya kai tukunya, ka auna. Za ta kore ka da muciya, ka dawo gobe. Ƙwarewar ke nan: miyar taushenka ta Litinin ta zama ita ce ta Juma'a, ko mutum biyar za su ci ko ɗari biyar na walimar aure. Ina baƙin cikin ganin yaranmu sun iya shawarma amma funkaso da alkubus sun gagare su.

Takarda ma tana da rana. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na koyar da harkar otal da abinci. Da ka samu shiga kicin ɗin otal, tukwane za a fara ba ka. Wanke su da zuciya ɗaya, idonka na kan hannun babban kuku.

Kada ka ce sai ka karya tarihin Hilda Baci, wadda ta yi awa 93 da minti 11 tana girki a Legas a watan Mayun 2023. Shekarar ba ta ƙare ba Alan Fisher ɗan Ayalan ya wuce ta. Kai dai lissafa kuɗin gas na awa uku.

Yanke farce, rufe kai, raba wuƙar nama da ta ganye. Abokan majalisa kuwa za su zo "ɗanɗano" da cokulansu a aljihu. Zuba musu sau ɗaya ka tsaya kana saurare. In wani ya fara santi, yana cewa zai ba ka ƙanwarsa da babur ɗinsa, gaya masa farashin faranti tun bai dawo hayyacinsa ba.